Kalas Iri Biyu Ne a Sabha

Tun da na dawo ban huta ba. Duk gidan sunan da na shiga, kafin in ajiye mayafi an ja ni gefe ana tambaya: yaya Libiya take, da gaske ne babu itace ko ɗaya a hanya, da gaske ne Larabawa ba su san tuwo ba. Bakina ya gaji da maimaitawa, ga shi duk wadda ta ɗauki labarin sai ta ƙara masa gishiri. An ce a wata unguwa har ya kai na hau raƙumi na faɗo. Ban hau raƙumi ba. Ga yadda aka yi daga bakina, kowa ya ji ya bar ni in sha iska.

Ga wanda bai san ni ba, ni ungozoma ce a nan Daura, rabin samarin unguwarmu ni na yanke musu cibi. Zulai 'yar ƙanena Isyaku ce. Ni na goya ta bayan rasuwar uwarta, ni kuma na kai ta ɗakin Sani bakanike. Da neman abinci ya kai Sani Sabha ya samu gareji ya zauna, sai ya zo ya ɗauki matarsa. Kafin su tafi ta yi ɓari sau biyu, duka cikin bai kai wata uku ba, duka kuma a hannuna. Shi ya sa da ta gaya min ta samu na uku a can ban faɗa wa kowa ba, na dai ƙara daɗewa a sujada.

Wata rana da hantsi Sani ya kira ni. Ya ce jini ya ɓalle wa Zulai, ya kai ta asibiti, likita ta duba ta da na'ura ta yi ta zuba Larabci. Shi dai kalma biyu ya kama: dam, wato jini, da kalas. Kalas kuwa, in ji shi, ko jaririn Sabha ya san ma'anarsa, an gama ke nan, babu saura. Ita ce kalmar da maigidansa ke faɗa idan injin mota ya mutu murus. Sai Zulai ta karɓi wayar.

"Gwaggo, ki zo ki tafi da ni gida. Ni cikina ba ya riƙe ɗa."

Na ji maganar nan har cikin ƙashina. A ranar na fara haɗa kayan jinyar mai ɓari: kanwa, gero, yaji, man shanu, da daddawa da kuka don na san ba za a samu na kirki a can ba. Isyaku ya ce shi zai raka ni, yana cika baki wai yana saurayi ya bi fatake har Agadas. Ni da na yi masa wanka yana tsirara, na san ko Kano zai je sai ya riƙe leda a mota.

A iyakar Kwangwalam ya fara ba ni kunya. Jandarma ya leƙo ya ce, "Katin dantite." Isyaku ya waiwaya ya dubi fasinja ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce da ladabi, ranka ya daɗe, babu Ɗan Tite a motar nan. Ashe katin shaida ake nufi. Jandarman ya yi dariya har ya kira abokinsa ya maimaita masa, daga nan har Damagaram ba wanda ya sake kiran ƙanena da sunansa.

A Agadas muka sauka gidan wata mata mai saukar matafiya, muna jiran ayari ya haɗu, don ba a shiga sahara mota ɗaya. Matar kirki, sai dai ta ɗauka kunnena ne ke da matsala. Ta ce "Mi kika so?" in yi shiru ina lissafi, sai ta ƙara ɗaga murya. Furarsu da cuku da dabino ake damawa. Da farko na yatsina fuska, kashegari ni ce na fara miƙa ƙwarya.

Direbanmu sunansa Barka, cikin Tubawa yake, siriri kamar ba ya cin abinci. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji: ni yana ce min "kai", Isyaku kuma "ke". Isyaku ya gyara masa har ya gaji ya haƙura ya zama mace. Da aka zo loda kaya Barka ya sunsuni jakata ya ja da baya, ya tambaye ni da gaske ko wani abu ne ya mutu a ciki. Daddawata ce. Ya ɗaure ta a waje tare da jarkokin ruwa, a can ta yi tafiyarta. Ni ya sa ni gaba saboda shekaru, Isyaku kuwa bayan a-kori-kura, ƙafafu na lilo, sanda a tsakanin cinyoyi wadda ake riƙewa kar a faɗo.

Masu tambayar itace, babu. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, inda babu itace babu kuma wajen tsugunawa. Mu matan motar muka zama 'yan'uwa na dole: uku su riƙe zannuwa su kewaye, ɗaya ta shiga tsakiya. Wata 'yar Tawa da ban taɓa gani ba, kafin mu kai Dirku ta san sirrina fiye da maƙwabciyata. Man shanuna kuma rana ta narkar da shi ya bi ta gindin kwano ya jiƙe babbar rigar Isyaku, wadda ya ajiye don gaisawa da suruki. Ya isa Libiya yana ƙamshin tuwon sallah.

Na yi dariya a hanyar nan, ba zan ɓoye ba. Amma Barka ba ya jimla biyu sai ya ce kalas. An gama shan shayi, kalas. An ɗaure taya, kalas. Duk sanda ya faɗa sai in tuna abin da zan je in tarar.

Bayan mun shiga ƙasarsu sai shingayen sojoji, waɗanda suke kira bawaba. A wata kusa da Gatrun wani soja ya buɗe ƙullin kanwata ya ga fararen duwatsu, fuskarsa ta canza. Ba ni da Larabcin da zan kare kaina, sai na ɗauki ɗaya na lasa na miƙa masa. Shi ma ya lasa. Ya tofar, ya ce wani abu da ya sa sauran dariya, sannan ya cika min hannu da dabino yana kirana Hajja. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tun daga nan har na baro ƙasar ban hana kowa ba.

Su Sani suna Mahdiya, unguwar garejoji da shaguna, sun kama ɗaki a gidan wata gwauruwa Balarabiya, Hajja Maburuka. Kafin in ga 'yata sai da tsohuwar nan ta rungume ni ta sumbace ni dama da hagu, dama da hagu, har na rasa inda zan kai hancina. A wajenmu sai a durƙusa a gaisa daga nesa. Zulai na kwance a katifa, ta rame, idanu sun faɗa. Muka yi kukanmu muka gama, na tashi na ɗora mata miya.

Albasa na taɓa mai ta tashi da gudu ta yi waje tana amai. Na tsaya da ludayi a hannu. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce ai bai taɓa tsayawa ba, baƙin ciki ne. Na ce jinin fa? Ta ce ya zuba da gudaji na 'yan kwanaki, sai ya ɗauke. Na kwantar da ita na duba ƙirjinta, na danna ƙasan cibiya a hankali, na ji tudu. Ban ce mata komai ba, don abu biyu ne: ko dai cikin yana nan, ko kuwa ya mutu bai fita duka ba, na kuma ga yadda wannan ke kwantar da mace. Na sauke tukunyar ruwan zafin da na ɗora don gasa ta, na mayar da kanwa jaka. Sani kuwa ya sha faɗa, don tun ranar bai mai da ita asibiti ba. Ya sunkuyar da kai ya ce shi a ganinsa abin da aka ce ya ƙare, me za a koma yi.

Ni da Hajja Maburuka ba mu da yare ɗaya, amma na nuna mata cikin Zulai na juya tafin hannuna, ta gane. Da safe ta yafa farin mayafinta ta tare mana tasi, ta kai mu har da Sani wajen wata likitar mata a unguwar Hajara wadda ke jin Hausa. Ubanta ɗan kasuwar sahara ne, ta yi ƙuruciya a Agadas. Ta shafa wa Zulai wani mai sanyi a ciki ta ɗora na'ura. Zulai ta juya fuska bango. Ni na kafa ido a allon, ban ga komai ba sai toka-toka, sai can na hango wani ɗan abu yana ƙyaftawa da sauri. Likita ta murɗa wani maɓalli, ɗakin ya cika da bugu.

"Wa ya ce ciki ya tafi?" in ji ta. "Ga zuciya. Yaro yana nan, yana aiki."

Na zauna a ƙasa a gaban mutane. Aka kira Sani daga waje ya maimaita abin da ya ji a wancan asibiti. Likita ta dube shi, ta fassara wa Hajja Maburuka, sai su biyu suka fashe da dariya har tsohuwar na share hawaye da gefen mayafi. Ashe a bakin matan ƙasar, mabiyiya ita ake kira kalas, don ita ce ke fitowa ƙarshe a ce haihuwa ta kammala. Likitar farko cewa ta yi jini ya taru a bayan mabiyiya, a huta a dawo. Magana ce ta ɗakin haihuwa, ina bakanike zai ji ta a gareji. Har ita Hajja Maburuka, Sani ya dawo ya ce mata kalas yana kakkaɓe hannu, ta shigo ta yi musu jaje.

Da hankalina ya dawo jikina sai son sani ya motsa. Na binne mabiyiya ba adadi, amma ban taɓa ganin ta tana raye ba. Na ce a nuna min. Likita ta nuna wani gefe mai kauri, da ɗan baƙin tabo a bayansa, shi ne jinin da ya taru. Na ce mu a gida uwar tafiya muke ce mata, wasu ma uwa kawai, tunda tsokar uwa ce.

"A'a, Hajja. Ba na uwa ba. Na yaro ne, shi ya gina."

Na ce mata da girmamawa, ni na fi ta daɗewa a wannan aiki. Ta yi murmushi ta jawo kujera, ba ta ji haushi ba. Ta ce tun ɗa yana ɗigon da ido ba ya gani yake rabuwa biyu. Ƙwayoyin ciki su zama mutum, na waje su zama mabiyiya. Waɗannan na wajen su ne ke kutsawa cikin bangon mahaifa suna neman jijiyoyin jinin uwa. Na ce kamar yadda gyaɗa ke tura ƙafa cikin ƙasa ke nan, ta ce haka. In sun samu jijiyoyin sai su shiga su faɗaɗa su, amma da farko sukan toshe bakinsu, kar ƙarfin jini ya yi wa ɗan ƙaramin abu yawa. A lokacin wani ruwa mai kama da nono da bangon mahaifa ke fitarwa shi yake ci. Sai wajen wata na uku toshiyar ke buɗewa jini ya kwararo. Ko a sannan jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya, akwai siririn shamaki a tsakani, abinci da iska ne ke ƙetarawa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar sojoji. Ta ce jikin mutum yana da sojojinsa masu kashe duk baƙon abu, ɗa kuma rabinsa na uba ne, baƙo ne a jikin uwa. A ƙa'ida da sun far masa. Amma waɗanda ke gadin mahaifa daban suke. Suna taruwa da yawa a inda baƙin suka sauka, su yi musu tambayoyi irin nasu, su taya su buɗe jijiyoyin, sannan su ce iyakarku nan.

"Bawaba ne," in ji ta, "amma bawaba mai hankali."

Ta ce idan shigar ba ta yi zurfi ba, jini ba ya isar ɗa, can gaba uwa na iya samun hawan jini da jijjiga. Idan kuma ta zarce, mabiyiya ta ƙi saki bayan haihuwa. Na ga duka biyun da idona, na san sunayen matan, na san inda aka binne wasu. Shekara da shekaru ina ɗauka matsalar ranar haihuwa ce, ashe tun uwa ba ta san tana da ciki ba aka fara shirin.

Zulai ce ta yi tambayar da ta fi tawa. Cikin ƙaramar murya ta ce, to waɗancan biyun, sojojinta ne suka kore su? Likita ta kama hannunta ta ce ba wanda zai iya faɗa tabbas, masana ma ba su gama gane wannan sha'ani ba, amma mafi yawan ɓarin fari daga halittar ɗan ne tun asali, ba wani abu da uwa ta yi ko ta bari. Sannan ta gaya mana gaskiya: jinin da ya taru yana nan, sau da yawa jiki na shanye shi, wani lokaci kuma ba ya yi. Ba ɗaukar nauyi, ba ruwan zafi, ba kanwa, ba kuma hanyar sahara. Sai haƙuri da dawowa awo.

Haka na zo jinyar ɓari na koma renon ciki. Isyaku da ya ji labari ya yi sujada a bakin titi cikin rigarsa mai man shanu. Sani kuwa labarin ya riga shi isa gareji, har yau Kalas suke kiransa, yana amsawa.

Ku da kuka ce Larabawa ba su san tuwo ba, sun sani. Bazin suke ce masa, na sha'ir, a mulmula shi a tsakiyar akushi a kewaye da jar miya da ƙwai. Tauri ne da shi, sai kin yi kokawa da yatsu kafin ki gutsura. Hajja Maburuka ta aiko da shi, na mayar da kwanon wanke tas, sai Zulai ta ce Gwaggo, a nan ba a mai da kwano wofi. Na zuba wa tsohuwar tuwon gero miyar kuka da daddawata da ta sha iskar sahara. Ta ci loma biyu don kara, ta yi ta sa min albarka idonta na ruwa. Shayinsu kuwa aiki ne na yini guda, ana ɗaga shi sama ana zubawa har ya yi kumfa, na ƙarshe a watsa masa soyayyar gyaɗa. Isyaku ya samu tsofaffin layin a ɗakin baƙin maza, ba ya jin su ba sa jin sa, amma kullum sai ya dawo yana ba ni labarin abin da suka tattauna.

Gidan ya cika da raha, Zulai ce kawai ba ta saki jiki ba. Ba ta taɓa cewa ɗa ko ciki, sai dai "abin". In ta shiga banɗaki duk mu yi tsit, ni da ubanta da mijinta kowa na yin kamar yana wani aiki, sai ta fito ta girgiza kai alamar ba jini sannan mu ci gaba da numfashi. Da muka koma awo likita ta ce tabon ya kusa ɓacewa, mabiyiya ta kama da kyau. Na yi guɗa a asibitin mutane. A tasi Zulai ta ce min ta gani, ta kuma ji, amma na'ura ce, ita a jikinta ba ta ji kowa ba. Ban yi mata gardama ba. Wadda ta yi rashi sau biyu ba a yi mata gaggawa.

Damina ta matso, gonar Isyaku na jira, ni ma akwai matan da watansu ya kama a gida. Muka sa ranar komowa da Barka. Da safen ranar an fitar da kaya, yana ta danna ham a ƙofar gida, Hajja Maburuka na cusa min dabino a duk inda ta ga wuri. Na shiga sallama da Zulai, ina jero mata abin da za ta ci da wanda za ta bari. Ina cikin magana ta kama wuyan hannuna ta tura shi ƙarƙashin zaninta, ta danna a gefen mara.

"Gwaggo, kwana biyu ina jin wani abu, na ji tsoron faɗa. Ke kin sani. Iska ce, ko shi ne?"

Ham ɗin Barka ya sake tashi. Na rufe ido na jira, na jira, sai na ji an ɗan taɓa tafin hannuna daga ciki, a hankali, sannan aka ƙara.

"Shi ne," na ce.

Ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata haɗe da hawaye, irin dariyar da rabona da ji tun tana budurwa. Ta ce in fita in gaya wa Baba zai yi jika. Na ce to, amma ban motsa ba. Hannun nan ya taɓa cikin matan da ba zan iya ƙirgawa ba, ranar nan kuwa sai da Zulai ta ɗauke min shi da kanta, don mota na jira.